Gem ɗin Marigayi Bawa

Sufeto Cindo bai gama shan kokonsa ba Malama Deborah, ma'aikaciyar jinya, ta faɗo ofishin 'yan sanda na Yelwa ta dire wani ɗan gem na hannu a kan tebur.

"Yallaɓai, an yi min musanye. Wanga ba na mijina ba ne."

Mijin nata, Bawa, ya rasu bara. Tun yana saurayi yake da tsohon gem ɗan Japan, irin mai cin batir biyu ana soka masa kaset ta baya. Sikirin ɗinsa ne ya fashe, ta kai wa Magaji mai gyara a kasuwa. Da yake tana bakin aiki ranar karɓa, sai ta aiki maƙwabcinta Shamsuddeen, mai yankar tikiti a tashar jiragen ruwa.

Cindo ya kunna gem ɗin, sikirin ya haske fal kamar waya. Sufeton mutum ne mai ɗaure fuska, amma a ƙuruciyarsa ya sha bulala a kan irin wannan abin wasa, don haka yatsunsa har ƙaiƙayi suke.

"Ai ya yi kyau, Malama."

"Kyau na zo nema? Na Bawa nike so, da kaset ɗinsa."

Ta kuma shaida masa cewa ta kai ƙara wurin ƙungiyar masu gyara, sun ce in magariba ta yi Magaji bai fito da na asali ba, za su garƙame shagonsa. Cindo ya ture kokon ya ɗau hula.

Ya sami Magaji zaune zugum, sauran masu gyara kowa ya juya masa ƙeya. Shekara ashirin yana sana'ar nan ba a taɓa cewa ya ɗauke ko ƙusa ɗaya ba, yau ga shi ana nuna shi da baki. Abin ya ba sufeton tausayi, amma bai nuna ba.

"Kai ka gyara wannan?"

Magaji ya juya gem ɗin, ya taɓe baki. "Ranka shi daɗe, wanga jabu ne, ko kaset ba shi ci. Ban taɓa ganinai ba."

"Kowa haka yake cewa. Me ka sa wa nata?"

Nan fa Magaji ya farfaɗo. Ya jawo akwati ya baje kaya. "Sikirin iri biyu na nuna mata. Ga sabo mai fitila, amma sai an yanke cikin kwanon gem ɗin kafin shi zauna. Ga kuma tsoho da na ciro daga wani mataccen gem, ba fitila, shi zauna daram. Ta ce kar a yanke komai na mijinta, tsohon ta zaɓa."

"Ba fitila? To yaya ake gani?"

"Sai an fita rana. A inuwa duhu kawai za ka gani."

Cindo ya buga cinya. Ya tuna yadda yake karkata nasa a bakin taga yana neman haske. Ya tari ɗan acaba sai tashar jiragen ruwa.

Shamsuddeen na cikin rumfar tikiti, ya tarbe shi da murmushi har kunne.

"Abin da Magaji ya ba ni shi na kai, Yallaɓai. Ko ledar ban kwance ba. Ni mi zan yi da wasan yara?"

"Haka ne," in ji Cindo, yana kallon ƙeyar mutumin da ta ƙone ta yi baƙi ƙirin, alhali aikinsa na inuwa ne.

Ya yi sallama kamar ya gamsu, ya gangara wurin masu kifi. Inna Tabawa na shanya kifi a kan tabarma, kuma a duk tashar babu abin da ke wuce idonta.

"Inna, mai tikitin nan lafiyarsa ƙalau?"

"Lafiya ina? Kwana ukku ke nan, da jirgin Wara ya tashi sai shi bar rumfa shi koma bayan wancan kwalekwalen da anka kife. Cikin tsakar rana, ɗana! Shi duƙe shina ta latse-latse. Na ce ko shi ma shanya kai shikai."

Cindo ya gano bakin zaren: gem marar fitila sai a rana. Ya kira Magaji da Malama Deborah a waya, ya sa wani kofur ya zo da mota daga ofis, ya sayi soyayyen kifi, ya laɓe yana jira.

Ƙarfe ɗaya jirgin Wara ya tashi. Ko minti biyar ba a yi ba Shamsuddeen ya waiga hagu da dama, ya sulale bayan kwalekwalen. Cindo ya bi shi a hankali, takalmi na nutsewa cikin yashi. Ya same shi ya karkata gem ɗin ga rana, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya ciji leɓe.

"Wasan yara ya yi daɗi?"

Shamsuddeen ya zabura. "Nawa ne! A Kontagora na saye shi!"

Magaji ya iso yana haki, ya karɓa, ya zare murfin batir. Wayar da ke riƙe batirin sabuwa ce, shi ya nannaɗe ta da hannunsa saboda tsatsa ta cinye ta asali. Ya kawo tsohuwar daga aljihu ya nuna wa kowa.

Shamsuddeen ya amsa laifinsa. Ya ce wani mai tara tsofaffin kaya a Abuja ne ya yi masa tayi ta waya, shi kuwa ya samo jabu ya ba Malama, a zatonsa mai haske zai fi burge ta.

"To me ya hana ka aika?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ce bari in taɓa sau ɗaya. Akwai wani da ya yi na ɗaya a ciki, kwana ukku ina bin sa na kasa kamo shi."

Cindo ya sa masa ankwa, ya miƙa shi ga kofur aka wuce da shi mota, masu kifi na bin sa da dariya. Magaji kuwa tuni ya kira shugaban ƙungiya, yana magana da ƙarfi don duk tasha ta ji.

Malama Deborah, da ita ma ta iso, ta karɓi gem ɗin ta karkata shi ga rana. A saman jerin gwanayen wasan, haruffa huɗu ne: BAWA. Ba ta taɓa sanin ya rubuta sunansa a ciki ba. Ta zauna a kan kwalekwalen ta yi kukanta, ba wanda ya ce ta yi shiru.