Gayya a Gonar Malam Haliru

Bara'atu ta sauke ƙwaryar kunu a gindin ɗorawa. Hantsi ya ɗaga, amma a duk faɗin gonar mahaifinta mutum ɗaya ne sunkuye da garma.

Munzali.

Shi kaɗai!

A ƙauyensu, Fassi, saurayin da yake neman aure yakan gayyato abokansa su yi wa mahaifin yarinya huɗa, yawan waɗanda suka amsa kiransa shi ne shaidar mutuncinsa. Yau ce ranar gayyar Munzali, kuma ko mutum ɗaya bai zo ba.

"Kin gani ko, Bara'a?" in ji mahaifinta Malam Haliru, yana zaune a kan kututture.

"Baba, za su zo..."

"Su wa? Samarin garin nan kaf suna gonar Sadiƙ."

Ta sani. Sadiƙ mai shago a Rano, wanda shi ma yake nemanta, da gangan ya sa aikin gonarsa yau, ya yi wa samari alkawarin lada mai tsoka da shinkafa da nama.

Malam Haliru ya sassauta murya. "Ni ba ƙin yaron nan nake yi ba, yana da ladabi. Amma da damina yana ƙwadago, da kaka yana sussuka, sanyi ya shigo yana Rurum wajen tumatur, da bazara yana Kahu yana buga bulo. Wanda ba ya zama wuri ɗaya, wa ya san shi? Ranar da ciwo ya kama ki ba ya gari, ƙofar wa za ki buga? Abin da yake hana ni barci ke nan. In rana ta take ban ga mutanensa ba, na gama magana."

Ta ɗebi ruwa a moɗa ta ratsa cikin dawa. Ita da Munzali take gane lokutan shekara. In ya zo zance rigarsa na ƙamshin ɗanyen tumatur, ta san rani ya yi nisa. In ta ga jar ƙasa a farcensa, ta san hadari ya kusa. Sau nawa ta lumshe ido ta ga kanta a ɗan ɗakin da ya gina da bulon da ya buga da hannunsa, ruwa na sauka a kan kwano, tana jiran sallamarsa...

"Koma inuwa, hasken idona," ya ce, gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Kada rana ta taɓa min ke."

"Ka sha dai."

Ya sha, ya yi murmushin da bai kai zuci ba.

"Ko ni kaɗai ne, sai na kai bakin gonar nan."

"Me ya hana ka gayyato abokan aikinka na can?"

"Da damina? Kowa na fama da gonarsa, Bara'a. Ga nisa. Nauyi nake ji."

Ta sunkuyar da kai. Ba ta gaya masa abin da ta yi jiya da la'asar ba. Da labarin shirin Sadiƙ ya iso mata, ta ari wayar Innarta ta lalubo lambar Ƙasimu, abokin aikinsa na Rurum, wanda Munzali yake aron wayarsa ya kira ta da rani.

"Salamu alaikum... sunana Bara'atu..."

"Ta Munzali?! Wadda ya hana mu sakat da labarinta a bukka?"

Ta faɗa masa komai. Ya ce, "To, mun ji." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Ƙarar babur ta katse mata tunani. Sadiƙ ne ya tsaya a bakin hanya, shaddarsa na sheƙi.

"Barka da hantsi, Baba! Munzali, sannu da gayya! In ka gaji, akwai sauran gurbi a gonata!"

Ya ja babur yana dariya. Malam Haliru ya ɗaga kai ya duba sama. Inuwar ɗorawa ta fara tattarewa a gindinta.

Hawaye ya cika idon Bara'atu.

Sai ta ji wani abu kamar a mafarki... can nesa, gangar noma!

Wata tsohuwar kurkura ce, 'yar ƙaramar motar ɗaukar kaya, ta ɓullo tana tangaɗi, maƙil da mutane, garemani a sama. A bayanta ga masu kekuna daga hanyar Kahu. Can ƙarshe kuma wani dogon Bafillace yana koro bijimai biyu da garmar shanu.

Garma ta suɓuce daga hannun Munzali.

"Kai, ango!" wani ƙato ya ƙwala daga kan kurkura. "Gayya babu mu? Wallahi sai ka biya tara!"

Malam Haliru ya miƙe. Ƙaton ya cire takalmi ya durƙusa.

"Ƙasimu ne, Baba, daga Rurum Sabon Gari. Bara zazzaɓi ya kwantar da ni ana tsakiyar tsinkar tumatur, shi ya tsinke nawa kafin ya taɓa nasa."

"Ni Mahdi," in ji Bafillacen. "Da bazara rijiyarmu ta rufta, shi ya shiga ya yashe ta. Shanun nan sun san shi."

Malam Haliru ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya kira ku?"

Ƙasimu ya sosa ƙeya. "Amarya ce, Baba."

Munzali ya juyo da sauri. Bara'atu ta ja mayafi ta rufe fuska. Budurwa ta kira ƙatti a waya, ba da sanin mahaifinta ba!

Malam Haliru ya daɗe yana kallonta. Sai ya leƙa ƙwaryar kunu.

"Wannan ba zai isa ba. Je ki ce wa Innarki ta ɗora babbar tukunya." Ya juya. "Munzali."

"Na'am, Baba." Ya zube a ƙasa.

"Ka ce wa kawunnanka ina gida ranar Juma'a. Amma duk inda aiki ya kai ka, ka bar min lambar wanda yake kusa da kai. Ni ma zan riƙa kira."

Ganga ta ɓarke, bijimai suka ja, ƙasa mai danshi ta fara kifewa tana ƙamshi. Bara'atu ta saci kallon Munzali ta gefen mayafi, ta ga shi ma ita yake kallo, idonsa jawur. Ta juya ta nufi gida, ba ta ma jin ƙafarta na taɓa ƙasa.

"Bara'a!" mahaifinta ya ƙwala mata kira. "Ban da gudu! Akwai santsi a hanyar nan!"