Jiƙaƙƙen Tsumma a Kan Kwamfutar Baba

A garin Safana akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Babanta, Malam Ya'u, malamin makaranta ne. Sakamakon jarrabawar ɗalibansa kaf yana cikin kwamfutarsa, kuma ranar Litinin zai miƙa shi.

Ranar Lahadi ya fita gaisuwa. Yarinyar ta ɗauko kwamfutar a ɓoye. Ta ɗora ta a kan katifa, tana kallon hotuna.

Can sai komai ya tsaya cak. Ta danna nan, ta danna can, shiru. Ta taɓa ƙasanta, ta ji zafi rau.

"Wayyo, zazzaɓi take yi!"

Ta tuna yadda Mama ke yi wa ƙaninta Faisal in jikinsa ya yi zafi. Ta jiƙa tsumma a randa, ta shimfiɗa a kan maɓallan. Ruwa ya tsiyaya ciki. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin.

Ta yi sauri ta goge ta, ta mayar cikin jaka.

Bayan azahar Baba ya dawo. Ya kunna, ta ƙi tashi.

"Innalillahi! Maman Faisal, wani ya taɓa ta ne?"

"Ni ko kallonta tsoro nake ji, Malam."

Yarinyar ta laɓe a bayan ƙofa.

Baba ya buga wa Sharfaddeen mai gyara a Batsari waya, ya buɗe muryar wayar kowa na ji.

"Malam, ƙila batir ne, ƙila wani abu ya lalace a ciki," in ji Sharfaddeen. "Ruwa dai bai taɓa ta ba ko?"

"Ruwa kuma? Ina!"

"To, sa ta a caji mu gani. Na tambaya ne don in da ruwa, wuta na shiga za ta ƙone."

Baba ya warware wayar caji. Ya sunkuya. Ya kai hannu bango zai jona ta da wuta.

"Baba, kar ka sa!"

Ta fito tana kuka, ta faɗi komai. Mama ta dafe ƙirji.

Baba ya dube ta, ya ce, "Ɗauko hijabinki. Da bakinki za ki yi masa bayani."

Suka hau babur har Batsari. Sharfaddeen ya kwance kwamfutar, ga danshi nan a ciki.

"Likita, katifa ce ta toshe mata hanyar iska," ya ce wa yarinyar yana dariya. "Da kin kashe ta ta huta, shi ke nan. Amma da kin yi shiru ɗazu, da ta tafi."

Ya ciro sakamakon lafiya lau, ya ba Baba. Bayan kwana biyu kwamfutar ta bushe, ta tashi.

Baba ya hana ta taɓawa har wata guda. Daga nan ya zaunar da ita a tebur, ya fara koya mata da kansa.

Yara, kada ku gyara abin da ba ku sani ba. In kuma kun yi ɓarna, ku faɗa da wuri, tun ana iya ceto.