Ƙofar da Auta Ta Zana

Ana kiran sallar magariba dutsen farko ya faɗo a kan kwanon rufi. Umma ta leƙa waje tana zagin yaran maƙwabta. Ba kowa a layin. Dutse na biyu daga ɗakin Auta ya fito, ya fasa madubin falo.

Auta zane take koyo a jami'a, kuma Allah ya zuba mata karambani. Ranar da aka zaga da su ɗakin adana zane-zane na makarantar, ta daɗe a gaban wani tsohon hoto: gidan ƙasa, jan bango, ba ƙofa ba taga. Abin ya tsaya mata a rai. Da ta dawo gida ta kwaikwayi hoton, wai har da gyara wa mai shi kuskure. Ta sa ƙofa.

Tun daga ranar gidansu bai sake zama lafiya ba. In rana ta faɗi sai jifa, sai Auta ta zauna gaban zanen tana gurnani da muryar ƙato.

Baba ya ɗauko Malam. Malam ya yi ta karatu har yarinyar ta fara birgima, sannan ya ce, "Wane ne kai?"

"Wanda mai zanen can ya rufe," in ji muryar. "Shekara da shekaru ana wucewa ana kallona kamar biri. Ita ta buɗe mini. Hannun da ya buɗe nawa ne, da shi zan tafi."

Hannun Auta na dama ya fara murɗewa. Umma ta fasa ihu.

"Ƙarya kake, la'ananne! Koma inda ka fito, ko in ƙone ka!" in ji Malam.

"Kafin in ƙone na shanye shi." Aljanin ya yi wata muguwar dariya. "To, ku riƙe naman. Ni a ba ni abin da ke cikinsa."

Malam ya dubi Baba. Baba ya sunkuyar da kai. Umma, wadda dama ba ta taɓa ƙaunar zanen nan ba, ita ta yi saurin cewa, "An ba ka."

Malam ya kama hannun, ya sa shi ya shafe ƙofar da jan fenti. Auta ta yi atishawa, ta zube. Gidan ya yi tsit.

Da safe ta tashi garau, ta ɗauki burushinta na zane kamar kullum. Ta daɗe tana juya shi a gaban farar takarda, gwanin ban tausayi.

"Umma," ta ce, "wai ta ina nake farawa?"

Umma ta ci gaba da shara, ba ta ɗago ba.