Gatarin Ƙarfe Bakwai

Hadil na duƙe gaban kwamfuta a lungun falo, hancinta ya kusa taɓa gilashin, lokacin da Umma ta dire mata kofin shayi mai na'ana'a.

"Idanun nan naki sai sun mutu kafin ki yi aure. Yau kuma me ake haifa?"

"Takwas, Umma. Zo ki gani."

Umma ta leƙa. Kuɗin zinare ne guda biyu, ɗaya bisa ɗaya, suna juyawa suna ƙyalli. Ta riƙe haɓa. "Tabarakallah. Amma maza ki kashe, na ji tarin babanki a matakala."

A shekarun nan, duk wanda ya buɗe shafin intanet a garin Irbid sai ya liƙa ɗan akwati a ƙasa mai ƙirga baƙin da suka leƙo, wani ya ƙara da agogo a sama. Lambobin kowa iri ɗaya, baƙaƙe ƙirin, ba fasali. Hadil ce ta ga abin bai yi mata ba. Ta zauna tana jera ɗigo bayan ɗigo har ta fitar da lambobi goma daga kayan wasannin kwamfuta: ɗaya takobi, biyu maciji ya fasa kai, sifiri garkuwa, bakwai kuwa gatarin yaƙi. Wallahi hannun yarinyar nan akwai baiwa! Lamba guda sai ta ci mata kwana uku, in ɗigo ɗaya ya kauce ta goge ta sake.

Wanda ke sa lambobin nan su motsa shi ne Yazan, mai kafen intanet a titin jami'a. Ita ta zana, shi ya rubuta abin da zai sa su riƙa juyawa, ɗalibai su yi ta saukewa suna ƙawata shafukansu. Daga "gyara min wutsiyar macijin nan" aka koma "kin ci abinci kuwa?", har magana ta kai gida.

A nan aka sami cikas. Mahaifinta, Abu Firas, shekara arba'in yana rubuta allunan shaguna da hannu, rabin kasuwar garin rubutunsa ne. Mutum ne mai gaskiya, ga taurin kai.

"Mai tara yaran mutane suna harbe-harbe a talabijin? Shi zan ba 'yata?" Ya ture kwanon shinkafar makluba gefe. "Kuma ku ji da kyau. Ranar da na gano ya ja ta cikin wannan shirmen, maganar ta mutu."

Hadil ta sunkuyar da kai. Shi a saninsa buga wa ɗalibai takardu kawai take yi.

Wata biyu Umma tana lallaɓa shi, yau da kuka gobe da kayan zaƙi na kunafa, kafin ya sauko. "To, su turo manyansu. Su rubuto rana da lokaci, ni ba na son surutu da yaron."

Yazan, don tsabar so, ya buga kati mai kyau. Ya rubuta komai da Larabci, ranar Juma'a da yamma, sai wajen lokacin ya ɗora gatarin Hadil, wato ƙarfe bakwai. Ya ba da aka kai wa tsohon a shagonsa.

Ranar Juma'a, shida saura kwata, sai ga baffannin Hadil suna ta hawowa da manyan riguna da rawuna. Ta leƙo daga kicin.

"Umma, ba su yi sauri ba kuwa?"

"Wane sauri? Babanki ya ce ƙarfe shida."

Yazan ya riga ya gaya wa Hadil cewa gatarinta ya ɗora a katin. Nan take ta gane. Da take zana bakwai ɗin nan na Turanci, ta miƙar da ƙotar gatarin sak, ta lanƙwasa bakinsa don ya yi kyau, kuma duk wanda ya tashi da lambobin Larabci, in ya ga wannan siffa a tsakiyar rubutun Larabci, shida zai karanta. Wayar gidan tana falo, a tsakiyar maza, ba halin ta kira Yazan. In ta fita ta yi bayani, dole ta faɗi yadda aka yi ta san katin da ba a nuna mata ba. Ta kama ƙofar kicin, ta saki. Ta sake kamawa. Tsoro ya fi ƙarfinta, ta koma ta zauna kan buhun shinkafa tana hawaye.

Shida da rabi, babban yayan Abu Firas ya fara duba agogo yana gyaran murya. Bakwai daidai motoci suka tsaya. Abu Firas bai bari sun shigo ba, a bakin ƙofa ya tare su, katin a hannunsa. Hadil na jin komai ta taga.

"Awa guda! Awa guda kun shanya min 'yan'uwa. Ga shi da hannunka ka rubuta shida. Tun ba a ba ka ba ka fara raina mu?"

Yazan ya karɓi katin ya duba. Hadil ta ga lokacin da ya fahimta, don fuskarsa ta canza. Kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke kansa. Amma kalmar nan za ta nuna wa dattawa ashirin cewa mutumin da ya tsufa a kan rubutu ya kasa karanta lamba guda, sannan a tambayi wanda ya zana ta. Baffansa ya buɗe baki zai yi magana, Yazan ya damƙe masa hannu, ya dubi Abu Firas.

"Laifina ne, Baffa. Ka yi haƙuri. Allah ya huci zuciyarka."

"Ku koma inda kuka fito."

Suka juya. Baffan nasa na ta faɗa har cikin mota, shi kuwa ko ɗaga kai bai yi ba.

Kwana goma sha biyu Hadil ba ta kunna kwamfuta ba. Ta rame, abinci sai Umma ta tsaya a kanta. Saƙo ɗaya Yazan ya aiko ta bakin ƙanwarsa: kada ta faɗi komai, zai jira ko shekara nawa ne. Wannan saƙon ya fi komai yi mata ciwo. Yana can ana zaginsa a dangi biyu saboda ita, kuma har yanzu ita yake karewa. Kunya ta ishe ta.

Da safiyar Laraba ta ɗauki takardar da ta buga lambobinta goma, ta nufi kasuwa. Ta tarar da mahaifinta yana rubuta allon wani mai sayar da zaitun.

"Lafiya?"

Ta shimfiɗa takardar a kan teburinsa. "Baba, karanta min su daga farko."

Ya gyara tabarau. "Sifiri. Ɗaya. Biyu..." Ya bi su da yatsa har shida. Yatsan ya sauka kan gatarin ya tsaya cak.

"Bakwai ne, Baba, na Turanci. Ni na zana shi, ni na zana su duka, shekara biyu ke nan ina ɓoye maka. Yazan bai makara ba ko da minti ɗaya. Na sani tun ranar, na yi shiru don tsoro."

Abu Firas ya ƙura wa gatarin ido. Buroshin ya bushe a hannunsa.

"Shi ya gane, a bakin ƙofa?"

"Ya gane."

"Ya gane, ya bar ni ina yi masa ihu a gaban iyayensa." Ya cire tabarau ya share ido da bayan hannu. "Da ya faɗa, da har in mutu yayana yana min dariya."

Ya mayar da tabarau, ya jawo takardar kusa. Yanzu kuma ba uba ne ke dubawa ba, mai sana'a ne.

"Macijin nan wa ya koya miki karya wuyansa haka?"

"Kai, Baba. Tun ina ƙarama nake kallon hannunka."

"Hm. Ya zauna daidai. Takwas ɗin ma ba laifi." Ya ƙwanƙwasa gatarin da farce. "Wannan kuwa aikin banza ne. Kin bi kyau kin manta da mai karatu. Lambar da za a karanta ta iri biyu ba lamba ba ce. Kwantar da ƙotar, ki miƙar da bakin. Ɓoye min da kika yi kuma, wannan maganarmu ce ni da ke, ba ta ƙare ba."

"Na'am, Baba. Ka yafe ni."

"Rufe min shagon. Ina ne kafen nasa?"

Hadil ba ta bi shi ba, amma Yazan ya ba ta labari daga baya. Ya ce tsohon ya shigo da fenti a hannun riga, ya tsaya yana kallon allon kwamfuta goma sha biyar, kowanne da agogon 'yarsa a sama, takobi na komawa maciji in minti ya cika. Wani ɗalibi ya ce masa har daga Tunis ana sauke su. Tsohon ya juya wajen Yazan, a gaban kowa, ya ce, "Ɗana, ni na yi kuskuren karatu, kai ka biya. Ku dawo Juma'a. Wannan karon da baki nake faɗa: bayan la'asar."

Juma'ar na zuwa falo ya cika, Hadil da Umma na bayan labule. Aka zuba gahawa aka miƙa wa baffan Yazan. Bisa al'ada ya ajiye kofin a gabansa bai sha ba, don mai neman aure ba ya kurɓa sai an amsa masa. Ya soma jawabi, har yanzu da sauran fushi a muryarsa. Abu Firas ya ɗaga hannu ya dakatar da shi, ya miƙe tsaye, ya zayyana wa dattawan duk abin da ya faru, bai rage wa kansa komai ba. Yayansa ya ƙyalƙyale da dariya, shi ma ya taya shi.

"Na nemi wanda zai riƙe min 'ya," in ji shi, "sai Allah ya kawo wanda ya riƙe min mutunci tun ban ba shi komai ba. Ku sha gahawarku."

Umma ta rangaɗa guɗa. Hadil ta kifa kai a kafaɗarta tana kuka, wannan karon na daɗi.

'Yan'uwana matasa, haƙurin Yazan ne ya ba shi mata, amma da Hadil ta ci gaba da yin shiru, da haƙurin nan ya tafi a banza. In kana son mutum ka rufa wa iyayensa asiri, in kuma an ɗauki laifinka a ka, kada ka bari a kwana da shi. Kwana goma sha biyu ta ɗauka kafin ta iya, kuma har ta tsufa tana cewa sun yi yawa.