Safa Mai Dunduniya

Ranar Laraba ce, ranar da kasuwar shanu ke ci a Potiskum. Sharfaddeen ya taso daga kara yana ɗingishi, ya sami dakalin wani gida a unguwar Bolewa ya zauna, ya zare takalmin robarsa. Safar kanti ta tattare a ƙarƙashin ƙafa, dunduniyarsa ta hagu ta saɓule har da jini.

Wata budurwa ta leƙo daga zaure, tsinkayen saƙa a hannunta, zaren ulu yana jan ƙasa.

"Malam, me ƙafar nan ta yi maka kake azabtar da ita?"

Ya ɗago kai. Mutumin da ya wuni yana daka wa bijimai tsawa, sai ga shi yana amsawa ƙasa-ƙasa.

"Sa ne ya taka ni tun ina yaro," ya ce da ƙyar. "A karkace ta warke. Ba safar da ke zama."

"Safar ce ba ta da dunduniya. Buhu aka sayar maka."

Sunanta Raudatu, 'yar Malam Ayuba tela. Hulunan jarirai da safarsu take saƙawa, da tsinkayen da babanta ya fiƙe mata daga wayar ƙafar keke. Daga ranar, ko daga garin Mamudo Sharfaddeen ya koro shanu, sai hanyarsa ta biyo ta Bolewa. Bai yi nuƙu-nuƙu ba, ya nemi izini, ya fara zuwa zance bayan la'asar.

"Rauda, hasken idona, ni kike kallo ko zaren?"

"Zaren mana, Mai Shanu. Shi in na ɗauke ido kwancewa yake. Kai kuwa ina za ka?"

Ta ƙudura a ranta za ta saƙa masa safa daidai ƙafarsa. To, safar babba ba ta jariri ba ce, sai da awo. Ita kuma kunya ba za ta bar ta ta ce wa saurayi ya miƙo ƙafa ba. Wata rana ya yi alwala a ƙofar gida, ya taka jiƙaƙƙen yashi ba takalmi. Yana tafiya masallaci ta durƙusa kan sawun, ta shimfiɗa zare, ta ƙulla tsawo, ta ƙulla faɗi, ta ƙulla inda dunduniyar ta kauce.

A daidai nan Meram ta wuce. Meram 'yar ƙanin mahaifiyarsa ce, ta daɗe tana sonsa shi bai kula ba. Ba ta zame ko'ina ba sai gaban mahaifiyar tasa, Hajja Yakaka.

"Goggo, da idona na gani. Sawunsa take ɗiba, har da ƙulle-ƙulle."

Kowa ya san abin da ake nufi in an ce mace ta ɗebi sawun namiji: wajen boka za ta kai a mallake mata shi. Hajja ta kira ɗanta ta yanke magana.

"Dama na ce wannan rawar ƙafa ba banza ba. In ni na haife ka, ba kai ba yarinyar nan."

Sharfaddeen ya tafi Bolewa. Nan ya yi wauta, don tambayar da ya yi ba ta masoyi ba ce.

"Rauda, da gaske kin durƙusa kan sawuna?"

"Na durƙusa."

"Me kika yi da shi?"

Ta dube shi har idonta ya ciko. Ta shiga gida, ta fito da safa ruwan toka, ta dangwara masa a hannu.

"Ga asirin. Ka gaida Hajja."

Ya saka a gida. Safar ta kama ƙafa kamar da ita aka haife shi. Ya yi wuni guda a kara ba ɗingishi, ba jini. Da murna ya kai wa Hajja, a zatonsa magana ta ƙare. Ta latsa dunduniyar, ta ji kauri.

"Ka gani ko? Ga layar nan a ciki."

Kafin sati maganar ta zaga Bolewa har Ngojin. Matan da ke kawo wa Raudatu aikin kayan jarirai suka ɗauke ƙafa. Malam Ayuba ba ya son dogon surutu. Ya aika wa Hajja cewa ko ba aure, sunan 'yarsa ba zai lalace a banza ba, ta zo da safar da kanta.

Hajja ta zo, Meram na biye da ita, Sharfaddeen ya rakuɓe a zaure. Raudatu ta durƙusa ta gaishe su, ta karɓi safar hagun, ta kama bakin zare ta ja. Aikin da ta yi da zuciya ɗaya ya rinƙa warwarewa, tun daga yatsu har dunduniya. Zare ne kawai, an ruɓanya shi biyu.

"Kaurin ke nan, Hajja. Don kada takalmi ya ci masa tabon."

Raudatu ta mayar da tsinkaye.

"Ga yadda ake yi. Idon saƙar za a raba biyu, a ajiye rabi. Rabin nan ake kai da komo a kansa, duk juyi a bar ido ɗaya a baya, har ya tsuke. Sannan a dawo ana kwashe su ɗaya-ɗaya, ana laƙaba zare kada rami ya fito. Sai ya zama ƙoƙo. Tasa kuwa ba a tsakiya take ba, ta kauce ciki, shi ya sa na bar ido da yawa ta wannan gefe. Ba don awon ba, ina zan sani?"

Hajja ta zuba wa ƙoƙon ido. Ita ta yi jinyar ƙafar nan, ita ta goya shi zuwa wajen mai ɗori, ta san karkacewar kamar tafin hannunta. Ba ta taɓa zaton akwai wata mace da ta dubi ƙafar nan da irin idonta ba.

"Meram, ƙasa kika ga ta ɗiba?"

Meram ta sunkuyar da kai. "Zare dai na gani, Goggo."

"To jeki waje."

Tsohuwa ta zame silifas, ta miƙo ƙafarta mai faso har kan cinyar Raudatu.

"Na zalunce ki, 'yata, ki yafe mini. Ungo, auna. Wannan ba sai kin bi yashi ba."

Da za su tafi, Sharfaddeen ya tare Raudatu a zaure.

"Rauda, ni fa? An yafe mini?"

"Kai da ka tambaye ni? Sai ka yi wata guda cikin safar kanti."

"Wallahi gara ki ce sa ya sake taka ni."

Ta rufe fuska da mayafi tana dariya.

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Ayuba, a kan yashin nan dai. Ango ya zo da safarsa ruwan toka duk da zafin rana, abokai na tsokanarsa bai cire ba. Hajja Yakaka ta riƙe hannun amarya ta ce, "Yadda kika rufa masa ƙafa, Allah ya rufa miki asiri, ya ba ku zuri'a mai albarka, ke ki saƙa, ni in goya."

Gida ya ɗauka da amin.