Hasken da Ya Kori Aljana Daga Ɗakin Zane

Ranar da aka fara jifan ba ta zo da wata alama ba. Rana ta faɗi, inuwa ta cika tsakar gida, matar gidan tana kicin tana fama da murfin tukunya, ƙofar ɗakin zane kuma a rufe kamar yadda ta saba zama a 'yan makonnin nan. Sai tsakuwa ta faɗo a kan kwano. Ta gangara a hankali, ta tsaya. Can sai wata ta biyo ta, wannan karon a gilashin tagar ɗakin zanen.

Matar ta fito da ludayi a hannu, tana shirin wanke 'ya'yan maƙwabta tas. Ba ta ga kowa ba. Layin shiru yake, irin shirun magariba da ko kaza ba ta motsi. Tana tsaye a bakin ƙofa tsakuwa ta uku ta wuce ta gefen kunnenta, kuma ba daga waje ta zo ba, daga cikin gidan ta fito.

Maigidan ya ji duk wannan, amma bai fito ba. Yana kwance a ƙasan ɗakin zane, fuskarsa na kallon bango, jiƙaƙƙen tawul a kan idanunsa.

Mai zanen gine-gine ne. A ofis Shaho ake kiransa, saboda idonsa: zai wuce ta bayan yaro yana aiki, ko tsayawa bai yi ba, ya ce bangon can ya karkace, a auna kuwa a tarar haka ne. Sunan ya bi shi har gida, har wansa da shi yake kiransa. Shi kuwa, gaskiya, yana son sunan fiye da yadda ya kamata mutum ya so suna.

Sai ofis ya sabunta tsarin kwamfutocin ma'aikata gaba ɗaya. Wata safiya Shaho ya buɗe tasa ya tarar da baƙuwar fuska. Farin allon ya ƙara fari, haruffa sun sirance, layukan zane kamar suna rawa a wuri ɗaya. Kafin azahar wani ɗigo mai ƙyalli ya bayyana a gefen idonsa na hagu, ya yi ta faɗaɗa kamar tsagewar gilashi, bayansa kuma ciwon ɓarin kai ya sauko, irin wanda ke sa mutum ya tsani ƙarar numfashinsa. A banɗakin ofis ya yi amai, ya buɗe famfo don kada a ji.

Ya rage hasken allon, a banza. Ya sayi tabarau a ɓoye, a banza. Abin da ya rage shi ne ya hau sama wajen masu kula da kwamfuta ya ce a taimake shi, idonsa ba ya ɗaukar sabon allon. Amma ta yaya Shaho zai buɗe baki ya ce ba ya gani, alhali ga matasa nan masu jini a jika sun zuba wa teburinsa ido? Sai ya ce wa oga hayaniyar ofis ta dame shi, a bar shi ya riƙa ƙarasa aiki a gida da kwamfutar ofis ɗin, wadda dama yakan zo da ita.

A gida kuwa akwai 'yarsa, wadda kowa ke kira 'Yar Baba. Ta gama sakandare tana jiran sakamako, kuma tun tana ƙarama take maƙale da kujerarsa tana leƙen abin da yake yi. Ya ce mata, "Zo in koya miki." Haka aka gaya wa uwarta, haka uwar ta yarda, har tana murna. Da an rufe ƙofa sai yarinyar ta hau kujera, uban ya kwanta a ƙasa ya rufe ido, yana faɗa tana ja. Hannunta ya faɗa da sauri. Oga ya kira ya ce bai taɓa ganin zane mai tsabta irin na kwanakin nan ba, Shaho sai ƙara ido yake. Shaho ya yi dariya a waya, ya ce ai sai godiyar Allah. Da ya ajiye wayar bai iya kallon 'yarsa ba.

Kada a ce bai lura ba. Ya lura. Ya ga idanunta sun kaɗa sun yi ja, ya ga yadda take murza gefen goshinta da ɗan yatsa, ya ga tana runtse ido in an kunna fitilar falo. Ya ga kuma da zarar sun tashi sai ta ɓace, sai can a gan ta ta fito daga sito, ɗakin tarkace mai duhu da ke ƙarƙashin bene, ta ce wani abu take nema. Kullum yakan ce a ransa gobe zai faɗi gaskiya, kullum goben na zuwa da sabon aiki.

Jifan ya zama na kowace yamma. Matar ta bi maƙwabta gida gida, wan Shaho ya zo ya hau kan rufi da tocila, babu wanda aka gani. Mutum ɗaya ne a gidan ya gane lokacin jifan, wato Shaho. Ana buɗe kwamfutar yake farawa, ana rufe ta yake tsayawa cak. Daga baya ma har murya ya fara ji daga bayan kabad ɗin takardu, muryar tsohuwa, ƙasa ƙasa, kamar mai roƙo: "A kashe. Don Allah a kashe."

'Yar Baba ta ce, "Abba, ka ji?"

Ya ce, "Iska ce. Ja layin nan zuwa dama."

Yammacin da abin ya kai maƙura, akwai zanen wani bene da za a karɓa washegari. Tsakuwa tana zuba a kan kwano kamar ruwan sama. Shaho yana kwance yana bayanin matattakala, sai ya ji ƙarar danna linzamin kwamfutar ta ɗauke. Ya kira sunanta, shiru. Ya janye tawul. Tana zaune ƙiƙam, idanunta a buɗe tar a kan allon, ba ta ƙyaftawa, hawaye na bin kumatunta. Ta juyo a hankali, wuyanta kamar ba nata ba, ta yi magana da muryar da yake ji a bayan kabad.

"Na ce a kashe."

Ta miƙe ta wuce shi, ta wuce uwarta a tsakar gida, ta shiga sito ta duƙunƙune a lungu bayan tsohuwar katifa. Uwar ta kama hannunta, ta ji shi sanyi ƙalau, ta saki salati da ƙarfi. Ƙarfin mutum uku, ita da Shaho da wansa da aka kira, bai iya ɗaga yarinyar daga wurin ba.

Wan Shaho ne ya je ya zo da malam mai ruƙiyya, wani dattijo ɗan siriri da ba ya gaggawa a komai. Ya cire takalmi, ya zauna a bakin siton. Uwar ta kai hannu za ta kunna fitila, sai yarinyar ta ƙwalla ƙara har tarkacen ɗakin suka amsa. Malam ya ɗaga hannu ya ce a bari. A duhu ya fara karatu, muryarsa na tafiya a hankali, kowa ya yi tsit. Shaho yana tsaye can baya, ya jingina da bango, har yanzu tawul ɗin yana hannunsa bai sani ba.

Da karatun ya yi nisa, jikin yarinyar ya fara kyarma. Malam ya dakata.

"Wace ce ke?"

"Tsohuwa ce," in ji muryar. "Na riga su zama a gidan nan. A bayan kabad nake tun kafin yarinyar nan ta fitar da haƙori. Tambaye su, ko cokali na taɓa ɓatar musu?"

"To me ya canza?"

"Hasken. Na da can wuri ɗaya yake zama, na saba da shi. Wannan sabon kuwa ƙyaftawa yake, ba ya hutawa. Ku ba ku ganin ƙyaftawar, ni kowace ɗaya sai ta shiga idona kamar allura. Rabin kaina ya kusa tsagewa."

Wan Shaho ya yi wani tari wanda da a wani wurin ne da dariya ce. Duk tsawon rayuwarsa bai taɓa jin aljana mai ciwon kai ba. Amma muryar ba ta yi kama da ta mai wasa ba, kuma abin da ta faɗa bayan nan ya kashe masa tarin.

"Na yi jifa, na yi roƙo. Akwai wanda ya ji ni a gidan nan, ya kuma gane sarai. Ya ce iska ce."

Shaho ya ji kunnuwansa sun ɗauki zafi. Ya gode wa duhun.

Malam ya ce, "Ita yarinyar me ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Da hasken ya kore ni na gudo nan, sai na tarar ta riga ni. Kullum nan take zuwa. Ta kafa goshi a bangon nan, ta cusa gefen gyalenta a baki don kada uwarta ta ji kukan. Ciwonmu ɗaya ni da ita."

Uwar ta matso. "Me zai sa mata ciwo? Kallo kawai take yi. Babanta ne ke aikin."

Dariya ta fito daga bakin yarinyar, busasshiya, ba daɗin ji. "Tambayi mai tawul."

Babu wanda ya juya. Da sun juya ma da ya fi masa sauƙi.

Malam ya ce, "Duk na ji. Amma ba ki da iko da jikin 'yar mutane. Ki fita."

"Zan fita. In na fita kuma gobe a mayar da ita kan kujera. Ita har idon ya mutu ba za ta faɗa ba, tausayin ubanta take ji. Ya faɗa da bakinsa a gabanku, ni kuma in bar yarinyar, in bar muku gidan ma gaba ɗaya. Na gaji."

"Ba na ciniki da irinku," in ji malam, ya koma karatu.

Jikin 'Yar Baba ya ƙame, ya lanƙwashe ta baya, dugaduganta na dukan siminti. Uwar ta faɗa kanta tana kiran sunan Allah. Malam ya kai ƙarshen aya, ya yi magana ba tare da ya waiwaya ba, kamar da bango yake.

"Da ikon Allah zan iya ci gaba har ta fita dole. Sai dai jikin yarinyar ne zai sha wuyar. In akwai mai hanyar da ta fi kusa, kada ya ɓata mana lokaci."

Shaho ya buɗe baki. Ya tuna teburinsa, ya tuna muryar oga a waya, ya tuna yadda wansa ke nuna shi a cikin mutane yana cewa wannan ƙanena ne. Sai dugadugan yarinyar suka sake dukan siminti.

"Ba na gani," ya ce. Muryar ta fito ƙarama, dole ya maimaita. "Tun da aka canza kwamfutar ba na iya kallonta. Kaina ne. Duk zanen da aka yaba, ita ta yi, ni ina kwance a ƙasa. Na ga idonta ya yi ja. Na san nan take zuwa. Na sani, na yi shiru."

Wansa ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin. Matar ta ɗago ta dube shi, kuma a duk zamansu bai taɓa jin magana mai nauyin wannan kallon ba. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, ya ji da ƙasa za ta buɗe da ya shige.

"Shi ke nan," in ji muryar, ta yi laushi. "Malam, ka ba ni hanya."

Malam ya matsa gefe daga bakin ƙofar, ya ƙarasa addu'a. Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki a hannun uwarta. Wata iska mai sanyi ta wuce ta tsakaninsu. A kan kwano tsakuwa ɗaya ta gangara a hankali, ta faɗo tsakar gida, daga nan ba a sake jin komai ba.

An daɗe kafin 'Yar Baba ta buɗe ido. Ta dubi uwarta, ta dubi baƙon dattijon da ke zaune, ba ta gane abin da ya faru ba. Sai ta hango ubanta a baya, ta yunƙura za ta tashi, ta rage murya yadda ta saba don kada uwar ta ji.

"Abba, yi haƙuri, barci ne ya ɗauke ni. Ban gama matattakalar ba, kuma gobe za a karɓa."

Shaho ya matso. Ya durƙusa kusa da ita, ya ninke tawul ɗin da ya daɗe yana ɓoye nasa idon a ciki, ya ɗora a kan nata. Ya ciro waya daga aljihu, haskenta ya soke shi, ya runtse ido a gabansu duka, karo na farko bai ɓoye ba. Ya miƙa wa matarsa.

"Nemo mini lambar oga," ya ce. "Ni ba na iya kallonta."