Wasiƙar da ke Cikin Littafin Addu'a

Duk gidan an sani, in Auta ta buɗe baki tana addu'a, har ruwan da ke kan wuta mantawa ake da shi. Ita ke jan addu'ar safe a falo, tana da wani ɗan littafi mai jan bango inda take rubuta sunayen masu bukata. Wanda Allah ya amsa wa, sai ta ja layi a ƙarƙashin sunansa.

Ran nan ma ta durƙusa gaban kujera, Mama da Gwaggo na bayanta, ta roƙi Ubangiji ya warkar da kafintan da za ta aura, wanda injin yankan katako ya cire wa yatsu huɗu na hannun dama makonni uku da suka wuce. Kalmomi na ta zubowa tsaf-tsaf, aka shafa da Amin mai ƙarfi.

Amin ɗin bai gama sauka ba Gwaggo ta gyara zama. "To 'yar nan, an yi addu'a. Wasiƙar fa?"

"Na rubuta, Gwaggo."

"Yauwa! Kafinta ba yatsu, da me zai riƙe zarto, balle ya riƙe ki? Wannan ba mugunta ba ce, hankali ne."

Mama ta sunkuyar da kai. "Ki ba shi yau, kada ya yi ta sa rai."

Wasiƙar fasa auren tana ninke cikin littafin nan, daidai bayan shafin da sunansa yake. Duk hanyar asibiti Auta ji take jakar ta fi ƙarfin kafaɗarta. Kunya ce ke cin ta, ta kuma san kunyar wa take ji.

Ta same shi a gadon da ke bakin taga, yana kokawa da maɓallin riga da hannun hagu.

"Oyoyo Malamar addu'a! Sori, ni da rigar nan tun safe muke dambe." Ya yi dariya. "Ki ɗan yi mini addu'a mana kafin nas ta zo da allurarta."

Ta buɗe littafin, sai takardar ta sulale ta faɗi kan zanin gado, sunansa ɓaro-ɓaro a bayanta. Ya dube ta, ya dubi takardar, bai taɓa ba.

"Na san abin da ke ciki," in ji shi a hankali. "Tun da kika daina kallon hannuna na sani. Ki gama addu'ar tukuna."

Ina! Bakin nan da bai taɓa rasa kalma ba ya bushe ƙayau. Makonni uku tana roƙon Allah da murya mai daɗi, alhali ta riga ta yanke nata hukuncin ta ninke ta ajiye. Ba ta taɓa yarda Allah zai iya riƙe su ba, tana dai yi ne don a ji. Ta zube a gefen gadon, kuka ya ƙwace mata.

"Ubangiji Yesu, ƙarya nake ta yi maka! Tsoro nake ji. Ina son mutumin nan, amma ban yarda da kai ba. Ka gafarta mini, ka taimake ni."

Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan.

"Amin," in ji kafintan, idonsa ya kaɗa. "Kin san nawa roƙon? Na daina neman yatsu, sun tafi. Cewa nake ya koya wa hagun nan aiki, in kuma kin tafi, kada ya bar ni in tsane ki."

Nan take ta yayyaga wasiƙar, ta sa hannu ta ɓalla masa maɓallin.

A gida kuwa Gwaggo ta yi tsalle ta dire. "Kin haukace! Addu'a za ku ci?"

"Gwaggo, ki yi haƙuri. Na gaji da gaya wa Allah wani abu ina aikata wani."

Washegari kuwa Mama ce ta fara durƙusawa kusa da Auta.

Yatsu dai ba su dawo ba. Wata takwas yana ɓata katako yana sakewa, Auta na riƙe masa ƙusa gabanta na faɗuwa. Abu na farko da hagun ya gama shi ne wata 'yar kujera, ƙafa ɗaya ta ɗan fi sauran gajarta, ya aika wa Gwaggo. Ta kushe ta son ranta, amma a kanta ta zauna ana yi mata kwalliyar zuwa coci ranar auren.

Ku da kuke tasowa, ku riƙe wannan: Allah ba daɗin murya yake saurare ba, zuciyar da ta gaya masa gaskiya ta kuma dogara da shi yake nema. Da yammacin ranar auren Auta ta buɗe littafinta mai jan bango, ta ja layi a ƙarƙashin sunan mijinta. Daga ƙasa ta rubuta nata sunan, ta ja masa shi ma.